Na'urar hasken UV za ta iya maye gurbin goge ɗakin majiyyaci da hannu?

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Assalamu alaikum. A asibitinmu ana shawarar sayen na'urar nan mai tayoyi wadda ake turawa cikin ɗaki bayan an sallami majiyyaci, a rufe ƙofa, ta haska ɗakin da hasken UV-C, wani haske da ido ba ya gani, domin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya dame ni shi ne, tun ba ta iso ba wasu sun fara cewa masu shara za su huta da goge gadaje da ruwan javel. Ina neman shawarar masana.

Mai gyaran kayan asibiti, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malama. Yawancin fitilun irin wannan na'ura suna fitar da haske mai tsawon zango nanomita 254, wanda yake lalata ƙwayar halittar cutar har ta kasa hayayyafa, amma duk inda inuwa ta faɗa, kamar ƙarƙashin gado ko lanƙwasar katifa, bai kai can ba, kuma idan nisa ya ninka biyu ƙarfinsa yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Babbar damuwata ita ce ƙurarmu, domin tana tare hasken idan ta lulluɓe fitilar. A wani hunturu na shafa yatsa a jikin irin wannan fitila, ya fito jawur, alhali tana ci da shuɗin haskenta kamar lafiya lau. Wannan shuɗin da ido yake gani ba shi ne mai kisan ba, don haka sai da ma'auni ake sanin gaskiyarta. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a sake daga farko.

Likita, Njamena:
'Yar'uwa, ki tsaya a kan bakanki. Busasshen jini ko majina garkuwa ne ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa ko a asibitocin Amurka sai an goge ɗaki da hannu tukuna ake shigar da na'urar. Sannan a ja kunnen ma'aikata kada kowa ya leƙa tana aiki, domin bayan 'yan sa'o'i ido yakan yi zafi kamar an zuba masa yashi, irin ciwon da masu walda suka sani.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan roƙi a sa ma'aunin hasken da kuɗin canjin fitilu cikin lissafin sayen, kuma a bar jadawalin masu shara yadda yake.