Tsofaffin zane-zanen ƙananan dangin jatan lande: gaskiya ne ko ado?

Malamar Kimiyya, Daura:
Assalamu alaikum. Na ci karo a intanet da wasu tsofaffin zane-zane na ƙananan halittun teku da ake kira kofifoda, dangin jatan lande da ƙaguwa, waɗanda yawancinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Ɗaya daga cikinsu yana da jela mai baza gashi kamar ta ɗawisu, har na kasa yarda cewa haka Allah ya halicce shi. Ina son nuna wa ɗalibaina, waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, amma ina tsoron in koya musu abin da mai zane ya ƙawata. Shin za a iya dogara da su?

Mai Nazarin Halittu, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malama. Ina kyautata zaton zanen Ernst Haeckel kika gani, Bajamushen da ya wallafa alluna 100 na siffofin halittu tsakanin 1899 da 1904. Mai jelar ɗawisun nan halitta ce ta gaske, sunanta Calocalanus pavo. Sai dai Haeckel ya jera halittun ne domin su burge ido, kowace a miƙe, gashinta a daidaice, alhali a ƙarƙashin madubin ƙara girma sau da yawa za a tarar gashin ya karye ko dabbar ta lanƙwashe. Idan koyarwa ce manufarki, na fi ba ki shawarar zanen Wilhelm Giesbrecht, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken teku ta Naples a Italiya, ya kuma fitar da babban aikinsa a 1892. Shi yakan zana ƙafa da ƙahon ji kowanne daban, gaɓa bayan gaɓa, saboda da ƙidayar gaɓoɓin da gashin ake bambanta wani jinsi da wani. Abin da hoton kyamara kan bari a dushe, mai zane yana fito da shi sarari, shi ya sa masana ba su daina duba irin waɗannan zane-zane ba.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya, Katsina:
Malama, ba sai kin kai yara teku ba. 'Yan uwan waɗannan halittu, da ake kira Cyclops, suna nan cikin kududdufai da tafkunanmu, kuma su ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Mun sha yawon ƙauyuka muna raba ƙyallen tace ruwa saboda su, kafin a tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Ki sa a ɗebo ruwan kududdufi da damina a kwalba mai haske, za ki ga ɗigo-ɗigo suna zabura a ciki.

Malamar Kimiyya, Daura:
Na gode, Malam, na gode, Baba. Madubi ɗaya muke da shi a makaranta, amma zai wadatar. Zan sa kowane ɗalibi ya zana abin da ya gani da fensir kafin in fito musu da zanen Giesbrecht su gwada.