Shawarwari a zaure: hawa Mambila da keke

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da niyyar hawa tsaunin Mambila na jihar Taraba da keke bayan damina, daga Jalingo har Gembu. Ba tsere zan yi ba, ƙauyuka nake son gani da yadda mutane ke zamansu. Waɗanda suka san hanyar, a taimaka mana da shawara.

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Ka bari sai Nuwamba, don ruwan can yakan kai Oktoba. Hanyarka Bali, Serti, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Ka kwana a nan, ka fara hawa da asuba kafin rana ta yi zafi. Titin kwana-kwana ne har ka kusa Maisamari, daga nan sai Nguroje, sai Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Kana saman nan ka haura mita 1,500.

Sagir: Ni dai in ni ne, a Mayo Selbe zan ɗora keken a mota. Me zai sa mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a hawa?

Malam Bello: Haba Sagir, to me aka je yi? In ya gaji ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. A wajen turin ma zai fi gaisawa da mutane.

Kabiru mai faci: Ku bar gardamar hawa, gangara ce abin tsoro. Auwalu, kekenka mai giya ne?

Auwalu: Mai giya ne, Oga Kabiru.

Kabiru mai faci: Madalla. Sa sabuwar robar birki kafin ka tashi, ka riƙe wata a jaka, da wayar birki ɗaya. In kana saukowa da kaya kada ka danne birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfen taya zai ɗau zafi tub ya fashe. Ka riƙa kamawa kana saki, ka tsaya ya huce. Tub biyu, gam, famfo, man kaca. Kayan kuma a ɗaure a kariya, kada ka goya a baya.

Hajiya Rabi: Ni 'yar Nguroje ce, bari in sa baki. Ɗana, sanyi kuka manta. Ka zo da rigar sanyi mai kauri da safa, da safe hazo yakan rufe hanya har ka kasa ganin saniyar da ke gabanka. In kana son ganin mutane, kada ka tsaya a kan kwalta kawai. Ka tambayi ranar kasuwar kowane gari ka daidaita tafiyarka da ita. Nan za ka ga matan Fulani da ƙoren nono da man shanu, Mambilawa da masara da ayaba da fiya, tsofaffin Land Rover an lafta musu buhuna har saman rufi. Ka sayi ayaba ka zauna a benci, hira za ta zo da kanta. Hausa za ta kai ka, amma Fulatanci ya fi tafiya a ƙauyuka.

Auwalu: Na gode Hajiya. Kwana fa?

Hajiya Rabi: Duk ƙauyen da yamma ta same ka, fara zuwa wajen jauro, wato mai gari, ka yi sallama, ka faɗi daga ina kake, ina za ka. Shi zai nuna maka masauki. Kada ka ɗauki hoton mata ko garke ba ka nemi izini ba, kuma in ka buɗe shingen makiyaya ka rufe. Ka leƙa Kakara ka ga gonakin shayi.

Sagir: Chappal Waddi fa? Mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya.

Malam Bello: Wannan ba aikin keke ba ne. Yana cikin gandun Gashaka-Gumti, sai an bi ta ofishinsu a Serti an samu ɗan jagora. Auwalu, kowace safiya ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, kuma la'asar ta same ka a gari.

Kabiru mai faci: Kawo keken shago ranar Asabar in duba maka giyar.