Katin bidiyo na PlayStation ta farko yana karɓar wasu fayafayai, yana ƙin wasu

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum. Ina da PlayStation ta farko, mai ruwan toka, wadda yayana ya bar mini tare da wani kati da ake sokawa a bayanta domin kallon faifan VCD. A makon jiya na buɗe kwalin fayafayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na tarar da finafinan Kano da na wa'azi da kuma faifan bikin auren yayarmu. Waɗanda aka sayo a kasuwa suna tashi lafiya, sai dai guda biyu da suke fitowa baƙi da fari, wasu kuma na'urar ba ta ganinsu ko kaɗan. Faifan bikin ne ya fi tsaya mini a rai, domin a cikinsa ne kaɗai muke da muryar Baba. Idan na saka shi sai ya yi ta juyawa yana ƙara, daga nan ya yi shiru. Wani ya ba ni shawarar in murɗa 'yar ƙusar da ke ƙara wa idon da ke karanta faifai ƙarfi. Shin katin ne ya lalace, ko kuwa idon ne?

Mai gyara daga Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ƙanena, kada ka taɓa wannan ƙusar tukuna, domin tunda wasu fayafayan suna tashi, katin yana da rai, idon ma bai mutu ba, kuma na sha karɓar na'urorin da aka ƙona musu ido ta wannan hanya.

Mu a nan kowane faifai mai hoto muna ce masa sidi, alhali ba iri ɗaya ba ne. VCD tsari ne da kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da shi a 1993, hotonsa yana cikin tsarin MPEG-1, kuma faifai ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 74, shi ya sa dogon fim yake zuwa a faifai biyu. PlayStation ba ta iya warware wannan hoto da kanta, sai samfurin SCPH-5903, fara, wadda aka yi wa kasuwar Asiya. Aikin da katinka yake yi ke nan, kuma iyakar iliminsa ke nan. Idan ka ba shi SVCD, wanda yake amfani da MPEG-2, ba zai gane shi ba, duk da cewa a ido babu abin da ya raba su. DVD kuwa ko katin ba ya kaiwa, saboda idon na'urar na CD ne kawai.

Game da faifan bikin, ina zargin ɗayan abu biyu. Masu ɗaukar biki da yawa sukan tura fayil ɗin bidiyo cikin faifai kamar yadda ake tura takarda, ba tare da an tsara shi a matsayin VCD ba, irin wannan kwamfuta tana buɗe shi amma katin ba ya karɓa. Ko kuma faifan CD-RW ne, irin wanda ake iya gogewa a sake kwafa a kai, wanda hasken da yake mayarwa ya yi wa tsohon ido rauni. Ka saka shi a kwamfuta ka duba ko akwai jaka mai suna MPEGAV, da fayil AVSEQ01.DAT a cikinta.

Malama daga Injamena:

Ni zan tsaya a kan baƙi da fari, domin mun yi fama da shi a gidanmu. VCD iri biyu ne, PAL mai hoto 25 a daƙiƙa, da NTSC mai kusan 30, wanda aka yi amfani da shi a Amurka da Japan. Kamaru da Najeriya suna kan PAL, saboda haka tsohuwar talabijin da ba ta san NTSC ba takan nuna hoton babu launi, wani lokaci ma ya riƙa gangarawa. Ka duba ko katin yana da maɓallin sauyawa, in babu ka gwada wata talabijin. Sannan ka goge idon a hankali da auduga, domin ƙurar hunturu kaɗai tana sa faifai ya riƙa cijewa.

Ɗan Garwa:

Na gode, Yaya, na gode, Malama. Na kai faifan wurin wani mai kwamfuta da ke unguwarmu. Babu MPEGAV a ciki, fayil ɗaya ne kawai, kuma ya buɗe. Na ga Baba zaune a kan tabarma da farar hularsa yana yi wa amarya addu'a. Yanzu yaya zan yi ya tashi a kan katin?

Mai gyara daga Marwa:

Alhamdu lillahi. Kafin komai ka kwafe fayil ɗin a wuri biyu, ɗaya a waya ɗaya a filashi, ka ba yayarku nata, domin faifan da aka kwafa a shago ba ya jure zafin Garwa shekara da shekaru. Bayan haka ka ce wa mai kwamfutar ya mayar da shi MPEG-1 na PAL, mai girman 352 da 288, ya zaɓi tsarin Video CD a manhajar kwafa, ya yi amfani da CD-R mai kyau a gudu mafi ƙanƙanta. Idan bikin ya wuce minti 74, a raba shi gida biyu. Na asalin kuma ka mayar da shi cikin kwalinsa, kada ka sake saka shi a na'urar.