Baƙin Dagona Sun Sauka: Musayar Baituka

Ruwan sama ya ɗauke, kaka ta shigo. Ɗan uwanmu na ƙasar Bade ya leƙa tafkin Dagona a jihar Yobe, ya dawo da baituka. Sharaɗin kowa ya riƙe amsa-amon "wa".

Ɗan Bade:

Salamu alaikum, 'yan uwa, na dawo
Daga tafkin Dagona, can wajen Gashuwa.
Tun da asuba na faɗa kwalekwale,
Raɓa a jika, iskar kaka na kaɗawa.
Kirinjijiya na ta fito bisa kaina,
Dinya ta tashi, ruwa na girgizawa.
Zalɓe tsaye shiru kamar mai gadi,
Kifi ya gifta, wuya ke miƙewa.
Guza a bakin gaɓa yana shan hantsi,
Jan biri ya hango ni, sai rugawa.
Na duba kan kuka, ban ga shamuwa ba,
Ta bi ruwa kudu, babu ko sallamawa.

Malama daga Kano:

Yaya, ka lissafa 'yan gida ka bar baƙi,
Agwagin Turai ne ke saukowa.
Sanyi ya koro su, sun bar ƙanƙara,
Bahar Rum da Sahara suke ƙetarewa.
Ba biza, ba fasfo, ba shingen hanya,
Fiffike ne guzurinsu, sai juriya da yunwa.
Shamuwa ta fita, su sun shigo,
Masauki ɗaya ne, baƙi ke sauyawa.
A 1989 mijin Sarauniyar Ingila
Ya tako har Dagona don dubawa.
Mu da ke kusa, kuɗin mota kaɗai ne,
Amma sai a hoto muke ganewa.

Manomin shinkafa daga Guri:

Malama, Allah ya ƙara sani, na ji ki,
Ke da madubin hangen nesa kike yabawa.
Ni gwangwani ne a hannuna da tsakuwa,
Tun safe ihu, maƙogwaro na bushewa.
Jan-baki in ya taso, ki ce hadari ne,
Kan shinkafata yake saukewa.
Kafin jirgin feshi ya iso fadama,
Rabin gumin damina an gama cinyewa.

Malama daga Kano:

Baba, a yi haƙuri, ban raina guminka ba,
Amma jan-baki ɗan gida ne, ba mai zuwa.
Tambayi mai koma inda yake kwana,
Kar laifinsa ya hau kan baƙuwa.

Masunci daga Nguru:

'Yata, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi,
Cikin kacalla jan-baki ke kwanciyar ɓoyewa.
Da can ruwa kan zo, ya cika, ya janye,
Fadama ta sha rana, ciyawa na ƙonewa.
Aka datse Tiga a 1974,
Challawa a 1992 ta biyo, ba tsayawa.
Ruwa ya daina bin lokacinsa,
Rani da damina yana ta tsiyayowa.
Kacalla ta samu gindin zama,
Hanyar kwalekwale take toshewa.
A 2000 aka sa tafkinmu na Nguru da mashigin ruwan Marma
Cikin jerin Ramsar na fadamun da duniya ke karewa.
Takarda ta yi kyau, ni dai lauje ne
A hannuna, cikin ruwa nake yankewa.
Ga sauro, ga matsattsaku a ƙafata,
Tarwaɗa kuwa sai ƙara ƙanƙancewa.

Ɗan Bade:

Kawu, ka sa na tuna gauraka,
Mai tukkun zinariya, gwanar takawa.
Kakana ya ce garke-garke suke gani,
Ni yini guda ban ji kukanta ba ko da gilmawa.

Manomin shinkafa daga Guri:

To Malama, in kin shirya kallon tsuntsu,
Biyo ta gonata kafin girbewa.
Ki ba ni madubin in ga agwagin Turai,
Ke ki riƙe gwangwani, ki yi ta kaɗawa.