Musayar waƙa: Tulun Mama na bayan ƙofa

'Yar Kagoro:
Salama, 'yan'uwa. Jibi 2 ga Nuwamba, maƙwabtanmu Katolika za su je maƙabarta yi wa matattunsu addu'a. Mu a gida ba mu saba ba. Mama ta cika shekara da rasuwa, ga tawa:

Zaninta na Zumuntar matan coci yana cikin akwati,
har yau ƙanshin man kaɗe bai fita ba.
Tulun da take bugawa ranar Lahadi
yana bayan ƙofa, ban iya taɓa shi ba.
Da dare bakina kan kai sunanta gaban Allah,
sai in yi shiru, ko daidai ne ban sani ba.
Ku da kuka riga ni karatu, ku gaya mini,
addu'a na isa ga wanda bai ƙara numfashi ba?

Dattijon ECWA:
'Yata, sannu da haƙuri.

Ki tuna ɓarawon gefen Yesu a Golgota,
abu ɗaya ya roƙa, a yi masa tunawa.
"Yau" aka ce masa, Luka 23 ne shaida,
ba a ce sai ya jira wata tsarkakewa.
Mamarki ta gama tsere, ta riƙe bangaskiya,
jinin Ɗan Rago bai bar bashin biyawa.
Addu'ar ki juya ta kan Baba da ƙannenki,
su ke cikin rana, su ke neman inuwa.

Katikis:
Baba, na rusuna, amma ni mai koyar da addini a cocin Katolika ban yarda duka ba.

Monika na kwance a Ostiya, shekara ta 387,
Agustin na tsaye, sai ta dubi ɗanta,
ta ce su binne gawar duk inda suka samu,
amma a bagaden Ubangiji a riƙa tuna ta.
Yahuda Makabi ma ya aika hadaya don matattun sojojinsa,
yana 2 Makabi 12, ki nema ki karanta.
Zinariya kan shiga wutar maƙeri,
mai zuga wutar so yake ya tace ta.

Dattijon ECWA:
Katikis, Makabinka ba ya cikin Littafi Mai Tsarki nawa,
littattafai 66 na sani, su nake ƙirgawa.

Katikis:
73 ne a hannuna, Baba, ban ƙara ba,
gado na tarar, ban kuwa rage ba.

Ɗan Wusasa:
Iyayena, wannan lissafin ya girme mu. Ni Betanya, garin Li'azaru, ce ta tsaya mini a rai.

Kwana 4 Li'azaru ya yi a kogo,
Marta ta ce, Ubangiji, ai ya yi wari.
Yesu ya san zai tashe shi, duk da haka ya yi hawaye,
bai tsawata wa masu kuka ba a gari.
Yaya, in sunan Mama ya zo bakinki da dare,
mai jin sa ya taɓa tsayawa bakin kabari.

'Yar Kagoro:
Na gode, Baba. Na gode, Katikis. Ƙanena, ka sa ni kuka a cikin mota.

Jibi zan ɗauki fartanya da tsintsiya,
ciyawar damina ta rufe gicciyenta.
Zan yi wa mahaifina addu'a, kamar yadda aka ce,
ita kuma in gaya wa Yesu ina kewarta.
Tulun zan kai wa matan Zumunta ranar Lahadi,
sau 3 ke nan suna aiko a tambaye ni kayan kiɗanta.