Tef yana ɗago mini fentin Panther, ina neman shawara

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum, yayyena da iyayena. Ina haɗa ƙaramar tankar yaƙi ta roba, Panther G ta kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/35, kuma na kai wajen fentin ɓad-da-kama mai launi uku. Na fesa rawaya mai lamba XF-60 cikin fentin Tamiya da yamma, washegari na manna tef irin na masu fentin mota, na fesa kore XF-61. Da na ɗaye tef ɗin, ya kwaso rawayar har roba ta fito fili a gefen hasumiya, wato kan tankar mai ɗauke da bindiga, a wasu wuraren kuma koren ya kurɗa ƙarƙashinsa kamar jijiyoyi. Ga wani fari-fari da ya hau saman fentin. Ban kai ga jan ƙasa XF-64 ba. Yaya kuke rufe naku? Ko in haƙura da tef ɗin gaba ɗaya?

Mai fentin mota, Ladipo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tef ɗin da ka saya namu ne, an yi shi don fentin da ya ƙanƙame jikin ƙarfe, danƙonsa ya fi ƙarfin fentin ruwa na roba. In ba ka da wani, ka manna shi a kan gilashi ko tsaftatacciyar riga ka ɗaye, ka maimaita har ka ji ya yi laushi. Amma ni abin da nake zargi shi ne ba ka sa firaima ba, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa don launi ya kama. Robar nan tana fitowa daga masana'anta da ɗan maiƙo, ga kuma maiƙon hannunka. Wanke ta da ruwa da sabulun wanke-wanke, ta bushe sarai, ka shimfiɗa firaima, sannan launi ya hau.

Fari-farin kuwa laima ce. Damina muke ciki, iskar Legas cike take da ruwa, kwamfiresa yana matse ta ya turo maka ɗigon ruwa tare da fenti. Nemi ɗan tarkon ruwa ka ɗaura a bakin tiyo, ka riƙa zubar da abin da ya taru a tankin. Kuma don Allah kada ka kusanci tinan mota, yana cinye irin wannan roba. Tinan Tamiya X-20A shi ne na fentinka.

Dattijo, Obalende:
Ɗana, kafin maganar tef, wace Panther kake son yi? Wannan tambayar ce za ta zaɓa maka hanya. A watan Fabrairun 1943 Jamusawa suka mayar da rawaya mai duhu launin tushe, wato mai lamba RAL 7028, aka riƙa ba sojoji kore da jan ƙasa a gwangwani, da kauri, su tsinka su shafa da kansu a fagen daga. Wani ya tsinka da fetur, wani da ruwa, wani ya samu bindigar feshi, wani burushi kawai gare shi. Shi ya sa tankokin wancan lokaci ba ka samun biyu iri ɗaya, kuma gefen launukansu yawanci a baje yake, ɗaya yana narkewa cikin ɗaya. Daga watan Agustan 1944 aka mayar da aikin masana'anta, irin su MAN da Daimler-Benz da MNH, sai zanen ya daidaita, gefen ya ƙara kaifi. A watan Satumba na shekarar kuma aka daina shafa musu Zimmerit, wannan kwaɓin mai zara-zara da ake sawa saboda nakiyar maganaɗisu.

To in jikin taka sumul yake babu Zimmerit, kana cikin zamanin masana'anta, rufewa ta zama dole. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne in ga yaro ya sha wahalar haɗa tanka, ya zana mata ɓad-da-kamar da ba a taɓa yi mata ba. Nemi hoton tanka guda ɗaya ta gaske, ka ajiye a gabanka, ka bi shi.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba. Sumul take, babu Zimmerit. Ke nan mai kaifi zan yi. Amma tef ba ya son lanƙwasa, da na karkata shi sai ya tattare.

Yaya, Idi-Araba:
Ba a lanƙwasa tef mai faɗi, ƙanena. Manna shi a kan gilashi, ka zana siffar da fensir, ka yanka da sabuwar reza, ka ɗauko da hantsaki. Ko ka yanka siriri, milimita biyu, ka bi layin da shi, sannan ka cike tsakiya da manyan gutsattsari. Tamiya suna da rawayan tef na takarda mai faɗin milimita 6 da 10 da 18, suna kuma da fari na roba da aka yi don lanƙwasa. In wani zai taho maka da kaya daga waje, sa su a ciki.

Maganar kurɗawa kuma, danne bakin tef ɗin da tsinken sakace, sai ka fara fesa rawayar da ke ƙasa a kan bakin, siriri. Ita za ta toshe ƙofofin, ko ta shiga ba a gani tunda launi ɗaya ne. Bayan ta sha iska ka kawo kore. Ka fesa kaɗan-kaɗan, kusan a bushe, ƙarfin iska tsakanin PSI 15 da 20 a ma'aunin kwamfiresa, kuma kada ka nufi bakin tef da bindiga, ka fesa daga samansa zuwa waje. Wajen ɗayewa ka naɗe shi baya a kan kansa, a hankali, ba sama za ka fizga ba.

Mai ɗinki, Mile 12:
Yaya, ban ƙi taka ba, amma Panther tana da ƙugiyoyi da maƙalai da yawa a gefe, tef ba ya kwanciya a kansu. Ni Blu-Tack nake amfani da shi, wannan danƙon mai kama da cingam da ake liƙa takarda a bango da shi. Ina murza shi dogo kamar taliya, in kwantar a kan layin, in cike tsakiya da takarda. In ka danne shi ya baje, gefe ya fito da kaifi. In ka bar shi da kauri, feshin zai ɗan shiga ƙarƙashi, ka samu laushi kaɗan wanda a ma'aunin 1/35 ya fi kama da na gaske fiye da yankan reza. Sharaɗin kawai bindiga ta tsaya a miƙe, kusurwa ɗaya daga farko har ƙarshe. Zafin ɗaki yana sa shi barin maiƙo, don haka ka cire a ranar. Abin da ya maƙale ka dangwale shi da wani gutsurensa.

Shebur, gatari da igiyoyin ja duk ka ajiye su gefe, ka fente su daban, ka manna daga baya.

Mai fentin mota, Ladipo:
Na manta abu ɗaya. Kwana ɗaya da ka ba rawayar bai isa ba a wannan yanayi. Sama ya bushe, ciki ɗanye. Ba ta kwana biyu a cikin kwali mai ƙofofin iska, nesa da ƙura. Lokacin hunturu ne fenti ke saurin kamawa, shi ma sai ka yi fama da ƙura. Kuma ka sa takunkumi, ka buɗe taga, kada ka fesa inda yara ke kwana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Wani ya ce mini akwai ruwan rufewa da ake shafawa ya daskare, Maskol. Zai yi? Kuma wurin da ya ɓare, sai na wanke tankar duka?

Yaya, Idi-Araba:
Maskol ka bar shi ga ƙananan wurare, irin gilashin leƙe da fitila. Akwai amoniya a cikinsa, tana iya taɓa fentin ruwa, kuma in ya daɗe a jiki cire shi aiki ne. Da tsinke ake shafa shi, yana kashe burushi. Wanki kuwa ba sai ka yi duka ba. Goge bakin wurin da sanfefa mai laushi, lamba 1000 ko sama da haka, da ɗan ruwa, har yatsanka ya daina jin tudu. Sa firaima a wurin kaɗai, ka maido da rawaya. Amma ka gwada tef a ƙarƙashin tankar tukuna. In can ma ya ɗago, to fentin bai kama ko'ina ba, sai ka jiƙa ta da sifirit irin na kemis, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka faro daga firaima. Turo mana hoton gefen hasumiyar mu ga girman wurin kafin ka taɓa komai.