Mu jira ƙarfen sabis ko mu sayi faranti? Neman shawara

Ɗan_Jidda: Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, iyayena suna wani ƙauye kudu da Gadarif, a Sudan. Sabis sai an hau tudu, shi ma na kira ne kawai. In na tura kuɗi ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum, sai ƙanena ya shiga mota zuwa gari kafin ya gani. Mu huɗu mun haɗa 'yan kuɗi. Mai gari ya ce hukuma ta yi alkawarin kafa ƙarfe bayan damina. Mu jira, ko mu sayi farantin Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan Adam? Solar gidan ƙarama ce, fitila da cajin waya kawai take ɗauka.

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Canza layi kawai. Mu nan Kassala muna kallon bidiyo lafiya lau.

Ɗan_Jidda: Hajiya, ba layin ba ne, ƙarfen ne babu.

Kawu_Sennar: "Bayan damina"! Ɗana, mu ma haka aka ce mana, tun kafin yaƙi. Wasu suka zo da mota da takardu, suka ce shirin gwamnati ne na kai intanet karkara. Muka ba da fili kyauta, kowane gida ya kawo dawa aka sayar aka sayi siminti. Aka haƙa rami, aka zuba ginshiƙi, shi ke nan, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Yanzu awaki ke shan ruwa a ramin. Da sabis ya ɗauke a ƙasa baki ɗaya a Fabrairun 2024, tsohuwata tana kwance, ƙanwata a Riyad riƙe da kuɗin magani, babu hanyar turowa. Kafin mu sami mai faranti a wani gari, rai ya yi halinsa.

Ummu_Hanan: Innalillahi. Allah ya jiƙanta, Kawu.

Ɗan_Jidda: Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙuri.

Abu_Sadik: Amin. Faranti dai na saya dala 600, ta Chadi ya shigo.

Direba77: Wane 600? Maƙwabcinmu sai da ya ba da dubu ɗaya da ɗoriya, ban da kuɗin wata. Ko dai kwalin aka sayar maka?

Abu_Sadik: Da kwalin nake maka magana yanzu.

Injiniya_B: Ku tsaya. Farantin yana cin wuta fiye da yadda kuke zato, wannan solar ba za ta riƙe shi ba sai an ƙara batir da allon sola. Sannan rajistarsa a wata ƙasa ake yi. Kun manta a Afrilun 2024 kamfanin ya yi gargaɗin rufe na ƙasashen da ba shi da lasisi, har ƙungiyoyin agaji suka yi ta roƙo? Tunda ana samun sabis a kan tudu, ku gwada eriya a kan dogon bututu da rauta, ya fi araha. Maganin gaskiya yana hannun hukumar sadarwa: ta sa kamfanonin waya, Zain da MTN da Sudani, su riƙa haɗa kai a ƙarfe ɗaya, a cire harajin kayan sola, don ƙarfen ƙauye rashin gas ne ke kashe shi.

Kawu_Sennar: Injiniya, kana Dammam cikin sanyin na'ura kana tsara mana doka. Yaushe rabonka da ƙauye?

Injiniya_B: Kawu, da girmanka, aikina ne wannan. Baƙin ciki ba ya canza lissafin batir.

Ummu_Hanan: Kai yaro, a yi wa babba magana da ladabi.

Direba77: Ni shawarata, a mayar da gidan kan tudun, an huta.

Abu_Sadik: Ko an samu intanet ɗin ma, ina takardar kuɗin? Tun canjin takardun fam 'yan ɗari biyar da 'yan dubu a Disambar 2024 aka ce kowa ya buɗe asusu. Ka tura wa ɗan kasuwa dubu ɗari, ya miƙo maka tamanin da biyar a hannu.

Direba77: Wajenmu casa'in ne.

Kawu_Sennar: Kuma a sahun farko suke salla! Wani malami ya faɗa mana, wannan ba riba ba ce?

Ɗan_Jidda: Jama'a, batun eriyar fa? Bututun mita nawa?

Ummu_Hanan: Riba ce mana, Kawu. Ni har kuɗin adashina sai da aka yanka.